Tambaya ga tsofaffin ma'aikatan asibiti: yaya kuka yi da masu ƙanjamau kafin magani ya zo?

Jikar Inna ta rubuta:

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena da ke wannan zaure, ina da tambaya, kuma na fi son jin amsa daga bakin waɗanda suka yi aikin asibiti a shekarun 1990, musamman a karkara.

Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin lafiya, ina shekara ta biyu. Garinmu wani ƙauye ne a yankin Ringim. Akwai ƙanin mahaifiyata da ya rasu da daminar 1997, kafin a haife ni. Tun tasowata abin da nake ji shi ne ciwon ciki ya kashe Kawu, wasu kuma su ce jifa aka yi masa a Legas, inda yake zuwa ci-rani yana gadi a Agege. Sai hutun nan da na je gida, muna zaune da Inna, kakata, muna ɓarar gyaɗa, na ce mata an fara yi mana darasin cuta mai karya garkuwar jiki. Ta saki gyaɗar da ke hannunta, ta yi shiru, can ta ce, "Ai ita ce ta ɗauke miki kawu." Fiye da shekara 25 tana riƙe da maganar nan a cikinta.

A amalanken shanu aka fitar da shi zuwa bakin titi, daga nan aka yi shatar mota zuwa wani babban asibiti da ba zan ambaci sunansa ba. Kwana tara suka yi. Gado na ƙarshe aka ba shi, daf da ƙofar banɗaki, aka ja labule. Mai rabon magani yakan ajiye ƙwayoyin a kan taga ya ce mata ta ɗauka ta ba shi. Ranar da gudawa ta ɓata shimfiɗa, cewa aka yi ta naɗe ta kai bayan katanga ta ƙone. A kwana na tara aka sallame su, aka ce su je gida a gwada na Hausa. Ya ƙara kwana goma sha ɗaya a ɗakinta ya cika. Mutum ɗaya ta ce ba za ta manta da shi ba, wani saurayi mai aikin dare da yakan zo ya zauna a bakin gadon, ya kira Kawu da sunansa, ya riƙa jan sa da hirar Legas. Ba ta san sunansa ba, amma har yau yana cikin addu'arta.

A aji malaminmu ya taɓa ambatar wani ɗaki a wani asibiti a Amurka da aka keɓe wa masu wannan ciwo tun farkon ɓullarsa, wai ma'aikatan da kansu suka nemi a kai su can. Tun daga ranar abin yake cina. Abin da aka yi wa Kawu mugunta ce ko jahilci? Kuma tsakani da Allah, tunda babu magani a lokacin, akwai abin da ma'aikaci zai iya yi wa mutum in ban da sallama?

Tsohon Nas ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan kawunki, ya sa jinyar ta zama kaffara. Ki gaida min Inna, ki ce mata wani daga cikin masu fararen kaya na wancan zamani yana neman afuwarta. Ba ni na karɓi ɗanta ba, ni wajejen Haɗejia na yi aiki, amma duk abin da ta lissafa miki na yi shi da hannuna. Na ajiye magani a taga, na ja labule, na ce wa uwa ta tafi da ɗanta gida.

Na kama aiki a 1988, muna cikin Jihar Kano tukuna, tunda Jigawa sai a Agustan 1991 aka ƙirƙiro ta. Abin da aka koya mana a kan cutar a makaranta bai cika shafi guda ba. Mun dai ji an sanar a 1986 cewa an samu wata yarinya 'yar shekara 13 da ita a Legas, muka ɗauka abin can ne, na Turawa da mutanen Kurmi. Zuwa 1993 da 1994 sai ga su suna shigowa ɗakin maza ɗaya bayan ɗaya. Kamanninsu ɗaya. Majiyi ƙarfi, ɗan ci-rani ko direba, ya rame har kana ƙirga haƙarƙarinsa, gudawa ta haura wata, ga tari, ga zazzaɓin dare, bakinsa fari fat kamar an shafa masa kindirmo. Kayan gwaji ba mu da su. Sai a ɗebi jini a aika Kano, kafin sakamako ya dawo sau da yawa an yi sadakar bakwai ɗin mai jinin. A bangon fayil akan rubuta RVD, laƙabin ciwon a Turancin likitoci, da jan biro don kada dangi su gane, amma kowa ya gane, har mai ƙosai ta bakin get, tunda gado na ƙarshe ba a ba kowa sai su. A gari kuma sunanta kabari kusa.

Kin ce mugunta ko jahilci. Tsoro ne, 'yata, sannan da wani abu da ya fi tsoron muni wanda ba mu cika son faɗa ba. Mun riga mun yanke musu hukunci. Mai tarin fuka ya fi su saurin shafa wa ma'aikaci, tunda nasa ta iska yake bi, amma ban taɓa ganin an ajiye masa magani a taga ba. Shi wannan a zuci cewa muke yi shi ya jawo wa kansa. Ba mu tuna da wanda aka yi wa ƙarin jinin da ba a tantance ba, ko matar da ba ta san ƙofar gida ba sai da rakiya, ko jaririn da ya samu a ciki ko a nono. Kuma ko da shi ya jawo wa kansa, ai ba alƙalanci aka ɗauke mu ba.

Wadda ta koya min aikin ba likita ba ce, ba kuma matiron ba. Wata tsohuwa ce mai sharar ɗakinmu, Iya muke ce mata, ranar albashi dangwale take yi. Da hunturun 1994 aka kawo mana wani mai shayi daga Legas, bai fi shekara talatin ba. Wansa ya kawo shi, ya ce bari ya je ya harhaɗo kuɗi, ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. Ke ma kin san asibitocinmu, mai jinya shi ne abinci, shi ne wanka, shi ne zubar da fo. Wanda ba shi da mai jinya ya shiga uku. Kwana uku bawan Allah nan yana kwance cikin ƙazantarsa, ɗaki ya ɗauki wari, sauran marasa lafiya suna ta ƙorafi.

Ni ke aikin dare. NEPA ta ɗauke wuta, ina zaune a tebur da fitilar ƙwai na ƙudundune a cikin bargo. Wajen ƙarfe biyu na ji ƙarar bokiti. Iya ce, wadda ta tashi aiki tun la'asar, ta dawo. Ta zura hannuwanta a baƙar leda ta ɗaure a wuyan hannu da roba. Ta zuba Jik a bokiti ɗaya saboda zanen gado, ta ɗumama wani ruwan daban a risho saboda jikinsa. Ta ce, "Malam, riƙe min fitila." Iyakar abin da ta nema a wajena ke nan, kuma wallahi shi ɗin ma daga nesa na miƙa hannu.

Ta wanke shi tas, tana lallaɓa shi kamar ɗan goye, "Sannu ɗan nan, juya kaɗan, yauwa." Ta shafa masa man kaɗanya a ƙugu da diddige, inda kwanciya ta fara cin fata. Ta naɗa auduga a tsinke, ta tsoma a shuɗin maganin nan, GV, ta goge masa harshe da dasashi. Da ta gama sai ta cire ledar, ta wanke hannu, ta fito da koko a filas, ta tallafo kansa da tafin hannunta haka nan ba komai, tana ba shi da ɗan ƙaramin ludayi. Kurɓi ɗaya ta jira, kurɓi ɗaya ta jira, saboda haɗiya tana yi masa zafi kamar yana haɗiyar reza. Ludayi shida ya sha a kusan rabin awa. Na ce, "Iya, kin kuwa san abin da ke damunsa?" Ta ce, "Na sani. Ubana kuturu ne, ya yi shekaru a Yadakunya. Ni nake ba shi tuwo a baki. Ga yatsuna nan goma, ƙirga." Ƙiyasin nata ba daidai ba ne, kuturta daban wannan daban. Amma inda ta sa leda da inda ta cire, babu littafin da zai yi mata gyara. Jini da miki da bayan gida a rufe hannu, lafiyayyar fata kuwa a taɓa. Ƙwayar ba ta bin gumi, ba ta bin kofi ko ludayi, ba ta bin musabaha. Ni na haddace wannan har na ci jarrabawa a kansa, amma ga ni tsaye taku uku daga gadon.

Mutumin nan yana da wata ɗabi'a da ta riƙa ba ni haushi. Dare ɗaya sai ya tambaye ni sau goma, "Malam, ƙarfe nawa?" Na yi wa Iya ƙorafi, ta ce, "Ina zai je da yake neman lokaci? So yake ya ji an amsa masa." Daga nan na fara amsawa daga kusa. Wani dare na tarar yana hawaye. Ashe kwana goma sha biyu bai yi sallah ba, ba ya iya tashi alwala, kuma yana ganin jikinsa ba shi da tsarkin da zai fuskanci Ubangiji. Na fita na ɗebo rairayi a tiren magani na kawo masa ya yi taimama. Hannuwan suka ƙi ɗaguwa. Dole na kama wuyan hannunsa na ɗora a kan rairayin, na kai masa fuska, na shafa masa. Ranar na fara taɓa mai wannan ciwo ba safar hannu. Hannun zafi rau, ba nauyi, kamar karan dawa. Ba zan yi miki ƙarya ba, ina fita na wanke hannuna da Izal har sau uku. Washegari sau ɗaya na wanke, da sabulu.

Muka janyo gadonsa kusa da teburina. Matiron ta yi faɗa, na ce ai don in riƙa lura da ƙarin ruwansa ne, ta ƙyale. Ya ƙara kwana goma sha shida, ya cika gab da asuba, yana biya kalmar shahada ina tayawa. Ni da maigadi muka yi masa wanka.

Maganar malaminku gaskiya ce, ni ma sai wajen 2005 na ji ta a wata bita a Kano. A babban asibitin birnin San Faransisko ne, ɗakin da ake kira 5B. An buɗe shi a Yulin 1983 da gado 12, wani nas mai suna Cliff Morrison ya tsara shi, kuma duk wanda ya yi aiki a ciki shi ya kawo kansa. Ki lura da shekarar. A 1983 ɗin ne masana a Cibiyar Pasteur ta Faransa suka fara gano ƙwayar, gwajin jini kuwa sai 1985. Ke nan sun shiga ɗakin ba su gama sanin iyakar haɗarin ba. Magani su ma ba su da shi. Maganin farko, AZT, sai 1987, haɗin magunguna uku da ya fara tsayar da mace-mace sai 1996. Abin da suka sauya shi ne dokar ɗaki. Mara lafiya shi ke faɗin wanda yake so a gefensa, mai ziyara yana iya kwana, ana taɓa shi, ana gaya masa gaskiyar halin da yake ciki. Kusa da mu ma akwai Uganda, inda suke kiran ciwon da sunan rama. Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi, Noerine Kaleeba, ta ga yadda aka guji mijinta har ya rasu, sai ita da abokan aikinta suka kafa ƙungiyar TASO a 1987, suna bin marasa lafiya asibiti da gida.

To, akwai abin yi in ban da sallama? Da yawa, kuma masu arha. Ruwan gishiri da sukari yana riƙe mai gudawa. Septrin yana kare shi daga wani mugun ciwon huhu da wasu nau'o'in gudawar. Tarin fuka, wanda shi ya fi kashe su a nan, yana warkewa ko a jikin mai ƙanjamau in an ba da maganin yadda ya kamata. In ka goge baki ya samu ya ci abinci, ka ƙara masa makonni. Juya shi duk bayan awa biyu yana hana miki. Da na san wannan da zuciya ɗaya tun 1990, da akwai waɗanda za su ga wata daminar.

Mai Gwajin Jini ya amsa:

Yallaɓai, na ji bayaninka kuma jikina ya yi sanyi, amma a yi wa ma'aikatan wancan lokaci adalci kada yarinyar nan ta tafi da cewa duk azzalumai ne. Ni a ɗakin gwaji na yi aiki a wani asibitin karkara a kudancin Kano daga 1992. Safar hannu ƙwaya nawa ake ba mu? Sai mu wanke, mu shanya a igiya, mu barbaɗa hoda mu sake sawa har ta yage. Sirinjin gilashi tafasawa ake yi. Da baki muke zuƙo jini a bututun awo, wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Yau in allurar mai cutar ta soke ka akwai maganin kariya da za ka fara sha nan take na kwana 28. A lokacin babu. An ce a cikin sokewa dubu kamar uku ne ke kamuwa, to amma wa zai yarda ya zama cikin ukun, ga mata ga 'ya'ya a gida? Wani abokin aikina allura ta soke shi a 1996, wata shida yana ƙaurace wa iyalinsa bai gaya wa kowa dalili ba, har surukai suka shigo maganar. Allah ya kiyaye shi, amma ya zube kamar shi ne mara lafiyar.

Kuma su Turawan da ake misali da su, a wasu asibitocinsu ai a bakin ƙofa ake ajiye wa marasa lafiyar tiren abinci. Ba don haka ba me zai sa musabahar da Gimbiya Diana ta yi da wani mara lafiya ba safar hannu, a asibitin Middlesex na Landan a Afrilun 1987, ta zama labarin duniya? Su da ruwan famfo da wuta da kwalin safar hannu a kowane lungu ke nan. A nan kuma abin ƙaruwa yake ta yi. Awon da gwamnati ke yi wa masu juna biyu ya nuna kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, zuwa 2001 ya kai 5.8. Nas ɗaya, gado talatin, fitila ɗaya. Sallamar nan ma wani lokaci dangi ne ke roƙo, kuɗi ya ƙare, kuma ɗaukar mai rai zuwa ƙauye ya fi ɗaukar gawa arha.

Na'ibin Liman ya amsa:

Allah ya saka wa Tsohon Nas da alheri da ya ambaci wanka. Mu a nan aka fi jarraba mu. A ƙauyenmu, wajen Gumel, a 1999 an yi gawar da ta kwanta tun hantsi har aka kira azahar babu wanda ya matsa. Masu wankan da aka saba da su kowa ya ce yana da uzuri. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ne liman a lokacin, ya haura saba'in. Ya ce wankan mamaci farilla ce ta kifaya, in kowa ya bari duk garin ya ɗauki zunubi, har da shi. Ya sa aka kawo leda, ya ɗora ƙyalle a kai, ya ce ai dama littattafan fiƙihu sun ce mai wanka ya naɗe hannunsa da ƙyalle wajen wanke al'aura, ba sabon abu ba ne. Ni na riƙa zuba masa ruwa da buta, gwiwoyina suna karkarwa. Ranar Juma'a ya yi wa mutane nasiha da hadisin nan da ke cikin Sahihu Muslim, inda Allah zai ce wa bawa ranar ƙiyama na yi rashin lafiya ba ka gaishe ni ba. Ya ce a duba masa ko an toge wani ciwo a ciki. Bayan haka ba a sake barin gawa ba, sai dai gaskiya dubiya ta daɗe ba ta dawo ba. Daga zaure ake cewa "ya mai jiki" a juya.

Uwar Biyu ta amsa:

Ni ba ma'aikaciya ba ce, ni ce mara lafiyar. Mijina na fari ya rasu a 2001. Likita ya sani, nas ya sani, wansa ya sani, ni da nake wanke masa jiki ba wanda ya gaya min. Na yi takaba ina shayar da ɗana. Yaron ya rasu yana da wata goma sha tara. Sai a 2003 da na kwanta aka gwada ni. Lokacin gwamnati ta fara ba da magani tun 2002, amma a cibiyoyi ƙalilan, Naira 1,000 duk wata, ban da kuɗin gwaje-gwaje da na mota zuwa Kano. Akuyoyina uku na sayar kafin a mayar da shi kyauta a 2006. Yau ƙwaya ɗaya nake sha kullum, na sake aure, 'ya'yana biyu duk lafiyarsu ƙalau.

Wadda ta tsayar da ni da ƙafafuna wata sista ce. Rannan na buɗe dambun da na zo da shi ina ci a ɓoye a bayan layi, ta zo ta tsuguna ta ce, "Ke rowa gare ki?" Ta sa hannu a kwanon muka ci tare, mutane suna kallo. Wata bakwai ke nan rabon da wani ya ci abinci kwano ɗaya da ni, har a gidanmu.

Baba Tsohon Nas, da girmanka, ina da tambaya. Ka ba da labarin maza. Matansu fa? Me ya hana ku gaya mana?

Tsohon Nas ya sake amsawa:

Malam Mai Gwajin Jini, ban musa ko ɗaya ba, ni ma na shanya safar hannu a igiya. Sai dai Iya ma ba ta da safar hannu.

Hajiya Uwar Biyu, kin taɓo inda yake min ciwo. An koya mana cewa sirrin mara lafiya nasa ne, kuma haka ne. Amma mun fake da wannan don mu huta. Hanyar da ta dace ita ce ka zauna da mijin, yau da gobe, har ya yarda a kira matar a gaya mata a gabanka. Wannan yana cin lokaci, yana kuma buƙatar ka zauna kusa da shi, mu kuwa nesa muke tsayawa. Sai mu gaya wa wa ko kawu a baranda, mu ce mun sauke nauyi, alhali mun san ba za ta taɓa ji ba. Muna kuma ce wa kanmu, in an gaya mata ma wane magani za a ba ta? Mun manta za ta sake aure, za ta haihu.

Akwai wadda ba na mantawa. Na sallami mijinta a 1995, tana tsaye da goyo tana yi min godiya har ƙasa. A 1998 aka kawo ta ɗakin mata, na gane ta, ita ma ta gane ni. Ba ta ce min komai ba sai, "Malam, ashe kai ne." Tana da sabon miji da kishiya. Wannan karon na kira mijin na zauna da shi, ya zage ni tas, bayan mako biyu ya dawo da kansa da uwargidan a ɗebi jininsu.

Abin da ya ɗan kwance mana baki shi ne Agustan 1997, daminar da kawun yarinyar nan ya rasu. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya yi ministan lafiya, ya fito gaban 'yan jarida ya ce ƙanjamau ce ta kashe ƙaninsa Fela. A rediyo na ji ina bakin aiki. Na ce in mutum irin wannan zai faɗi na gidansu, ni mene ne nawa na ɓoyewa a bayan jan biro? Ki yafe mana, Hajiya.

Jikar Inna ta dawo:

Na gode ƙwarai, iyayena. Na kira Inna ta wayar yayana na isar mata da saƙon Baba. Ta ce ta yafe tun tuni, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Abin da kawai ya tsaya mata, shimfiɗar da aka sa ta ƙone ba ta asibiti ba ce, zanenta ne na saƙi da ta gada wajen uwarta, da ta san ruwan Jik ya isa da ta wanke abinta.

Maganar Hajiya ta sa na yi mata wata tambayar. Matar Kawu ta sake aure a wani ƙauye, ta rasu a 2002, ita ma ciwon ciki aka ce. Ta bar 'ya ɗaya da ta haifa a can, yanzu tana aure wajen Taura, kuma an ce tana yawan laulayi. Inna ta ce za ta raka ni ranar Juma'a. Baba, in mun je, ta ina zan fara?

Tsohon Nas ya amsa:

Kada ki fara a ranar. Ku je a matsayin zumunci, ku riƙa mata sabulu da ɗan goro, ku ci abin da ta dafa. Laulayi yana da dalilai da yawa, kada ki shiga gidan mutane da hukunci a baki. Ki bar Inna ta ba ta labarin uwarta, su biyu a ɗaki, ba a tsakar gida ba. In ta nemi sani, ki ce gwajin kyauta ne a asibitin gwamnati, ɗigon jini ne a yatsa, kafin rabin awa an gama, kuma za ki raka ta ranar kasuwa yadda ba mai tambayar ina za ta. In kun shiga, ki fara miƙa naki yatsan.